Ƙishirwar da Ardo Manu Ya Ɓoye

Kwanan baya na koma ɗakin shan maganin da na yi ritaya a cikinsa, can bakin ruwa a ƙasar Ngaski, domin in gai da waɗanda suka gaje ni. Na iske ɗayansu yana gwada wa wata tsohuwa sukari, na'ura a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ya huda yatsa, ya ɗiga jini, ya karanta lamba, ya sallame ta, bai ko ɗaga kai ya dubi leɓenta ba. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce, "Baba Hamidu, ai wanga aiki ya zama na na'ura, namu latsawa ɗai na." Ban ce masa kome ba a gaban mutane, domin ba haka aka hore mu ba. Amma saboda shi da tsararrakinsa na zauna rubuta wannan, su san cewa na'ura ba ta zuwa ruga da ƙafarta, ba ta kuwa san yadda ake roƙon yatsan dattijon da ya riga ya yanke wa kansa hukuncin mutuwa ba.

Gwajin sukari na farko da na yi a duniya, a Yelwa na yi shi, ƙarƙashin maigidana Malam Bawa, Allah ya jiƙansa. A wancan zamani ba jini ake dubawa ba, fitsari ne. Akwai wani shuɗin ruwan magani da muke zubawa cikin siririyar kwalba, a ɗiga fitsarin mai ciwo a kai, a kama kwalbar da ɗan awartaki na katako, a ɗora ta bisa harshen fitila har ruwan ya tafasa. In ya tsaya shuɗi, lafiya lau. In ya koma kore, a yi hattara. In ya yi ruwan ɗorawa, abu ya yi nisa. In kuwa ya yi ja kamar ƙasar gini, to, ka soma tunanin motar da za ta kai mutum babban asibiti. Sai dai kafin Malam Bawa ya bar ni in taɓa kwalbar nan, ya daɗe yana zaunar da ni a bakin ƙofa. Duk wanda ya doso, sai ya ce, "Hamidu, mi ya kawo wancan?" Dole in duba tafiyarsa, da leɓensa, da yadda rigarsa ta zauna masa, da abin da idonsa ya fara nema da ya shigo, in ba da amsa tun mutumin bai yi sallama ba. Da ido muka fara koyon aikin nan, kwalba ta zo daga baya, na'ura kuwa jiya-jiya ta zo.

Mutanen bakin ruwa kowa da irin ɓoyonsa. Masunci ba ya zuwa sai ciwo ya hana shi jan taru. Manomin shinkafa yana jira a gama girbi, ko da ƙafarsa tana ruɓewa. Ɗan kasuwar Yelwa yakan zo da sunan cutarsa da sunan maganin da yake so, kai dai miƙawa ce taka. Amma Bafillacen ruga shi ne jarrabawar ma'aikaci, saboda fulako, watau kunyar nan tasu mai hana mutum nuna yunwa ko ƙishirwa ko zafin ciwo. Dattijonsu ba ya ci ba ya sha a gaban surukansa ko manyan 'ya'yansa, balle a ga ya tashi zagayawa. Abin da ya buɗe mini ƙofarsu shi ne ni jikan maƙera ne, tsakaninmu da Fulani kuwa akwai wasa tun kakanni. Maganar da wani zai faɗa wa Ardo a zare masa sanda, ni in faɗe ta a yi dariya. Cikin kayan aikina duka, da almakashi da auduga da na'ura, ba wanda ya yi mini amfani a ruga kamar wannan wasa.

Ardo Manu shi ne shugaban wata babbar ruga da ke kusa da mu, dogon mutum, mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana ganin jini in ya zagaya, yana shan saiwoyi da sunan basir, kafin wata rana ya ja ni bayan garke ya faɗa mini, fuskarsa na kallon wani wuri. Na dubi yadda ya rame, na ji tsawon lokacin da abin ya ɗauka, na ce wannan ya fi ƙarfin ɗakina. Daga Yelwa aka tura shi babban asibiti a Sakkwato. Can aka ce sankara ce a babban hanji. Aka yanke wurin da ya kamu, aka haɗa sauran, sa'an nan aka yi ta yi masa ƙarin ruwan nan mai kashe cutar, wanda ke kwantar da ƙato ya koma kamar tsumma. Da ya dawo ni na riƙa wanke masa ɗinkin, a cikin bukka, ƙofa rufe.

Komawarsa ganin likita bayan an gama ƙarin ruwan, da ni aka je, domin ya ce ba zai yi zancen hanjinsa a gaban ɗansa ba. Likitar mace ce, mai natsuwa da sanin aikinta. Bayan ta gama da shi ta ja ni gefe ta ce abu biyu take so in tsare. Na farko kowa ya san shi, kada cutar ta dawo ba a lura ba. Na biyu shi ne ciwon sukari. Ta ce waɗanda suka tashi daga sankarar babban hanji, an lura ciwon sukari ya fi saurin kama su bisa ga tsararsu da ba su yi cutar ba, musamman a shekarun farko. Ba kowa yake kamawa ba, ba a kuwa gama sanin dalilansa ba. Wasu magungunan da ake haɗawa da ƙarin ruwan suna ɗaga sukari, zaman wuri ɗaya na jinya yana nasa, hanjin da aka taɓa ma yana da hannu cikin yadda jiki ke sarrafa abinci. Ta ce, "Malam, mutanenka za su tsare ƙofar gaba da sanduna. Kai ka tsare ta baya."

To, ga al'adarmu ta barka da arziki. Wanda ya tashi daga babbar jinya ba a zuwa masa hannu wofi, abin da ake kawowa kuwa zaƙi ne, domin a mayar masa da jini da tsoka. Ardo mutum ne na jama'a. Daga Wara, daga Shanga, daga Birnin Yauri, mahauta da dillalan shanu da dangi suka yi ta sauke zuma, da dabino, da mazarƙwaila, da kwalayen baƙin lemon nan da ake gaurayawa da madarar gwangwani wai yana ƙara jini. Mutumin da dā yake yini a ƙafa bayan shanu da fura marar sukari, ya koma zaune bisa buzu ana ɗura masa zaƙi safe da yamma. Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, kowa na hamdala. Na gwada shi da farko na ga lafiya. Daga baya na ga lambar ta soma hawa. Na tara matarsa Inna Hajo da babban ɗansa Sambo na ce a rage zaƙi. Suka ce to. Amma kyauta ba a mayar da ita, ba a kuwa zubar da ita, kuma ba wanda zai dubi mutumin da ya dawo daga bakin kabari ya ce masa ya isa.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekarata a wannan aiki. Hanyoyi suka lalace da tsoron 'yan bindiga, rugar Ardo ta tashi ta koma can kudu da Wara, a wani lungu na bakin tafki. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika ya ci gonakin shinkafa, ya ci hanyar da ta rage. Amai da gudawa suka ɓarke a tungayen masunta, ina fita da kwalekwale da safe ba na dawowa sai rana ta yi ja. Tsinkayen da ake sa wa na'urar sukari suka ƙare a ko'ina, waɗanda suka rage danshi ya lalata su. Gwangwani guda na tsirar, na binne shi cikin tukunyar busasshiyar shinkafa, na hana kowa taɓawa. Na aika wa Ardo saƙo ta bakin masu jirgi ya zo a gwada shi, amsar da ke dawowa kullum ita ce yana gaisuwa.

Wata safiya ina tafasa almakashi sai ga Sambo tsaye a ƙofa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya durƙusa, muka gaisa.

Na ce, "Sambo, faɗi abin da ke tafe da kai."

Ya ce, "Baba Malam, abin ya dawo."

"Wa ya ce maka ya dawo?"

"Ba sai an ce ba. Ya zube awa wancan karo, riga na yawo jikinai. Ya hwara rabon shanu. Surukanmu na Shanga sun iso ban kwana."

"Me ya hana ku kawo shi?"

"Ya ce duk wanda ya ambaci asibiti bai yahe mishi ba. Ya ce an yanka shi sau guda, ya isa. Inna ta aiko ni in amso maganin da ka sa mutum ya cika ba wahala."

Na tambaye shi ko Ardo yana kukan ciki, ya ce a'a. Na ce jini fa, in ya zagaya? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wa za shi tambayi Baffa wanga abu?" Na ce to ruwa fa, yana sha da yawa? Sai ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Baba Malam, ni tun da aka haihe ni ban taɓa ganin Baffa na shan ruwa ba."

Na tono gwangwanin nan daga cikin shinkafa, na naɗe shi da na'urar a leda, na cika jarka da tafasasshen ruwa, muka shiga jirgin inji. Hanya duka muna wucewa ta bisa gonakin mutane, kan itatuwa ne kaɗai ke leƙowa. Abin da nake juyawa a raina shi ne, rama irin wannan tana iya zama sankara ta dawo, tana iya zama sukari, tana iya zama duka biyun. In ta farko ce, abin da ke jakata ba zai yi masa kome ba. In ta biyu ce, kowace ƙwaryar zuma da ake ba shi don tausayi tana matso da shi kusa da rami.

Na iske Ardo zaune bisa buzu ƙarƙashin wata tsamiya, surukai da dattawa kewaye da shi. Rawaninsa ya yi masa yawa. Ya ɗago ido ya ce, "Maƙeri, wa ya kira ka? Ba mu da gatarin gyara."

Na ce, "Labari na ji, wai bawana na rabon dukiyata ban sani ba. Na zo in ga wanda ya ba shi izini."

Aka yi 'yar dariya. Shi ma ya so ya yi, leɓensa ya tsage. Da na kama hannunsa na ɗan matsa fatar bayansa, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Harshensa yana manne wa dasashi in zai yi magana. Ana cikin haka aka kawo wa baƙi ruwa a ƙwarya. Aka fara miƙa masa don girmamawa, ya ɗaga hannu ya ce a ba baƙi. Amma na ga idonsa ya bi ƙwaryar nan daga hannu zuwa hannu, har ta koma wofi. Ban taɓa ganin mutum ya dubi ruwa haka ba, ko cikin masu amai da gudawa.

Na ce zan gai da Inna, na zaga bayan bukkoki. Na iske Inna Hajo tana dama madara da zuma, kusa da ita kwalayen lemo jibge. Mace ce da ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba ta kuwa taɓa haɗa ido da ni ba. Na ce, "Inna, tambaya ɗaya zan yi, ki yi haƙuri da maƙeri. Tulun da ke cikin bukkarsa, wa ke cika shi?"

Ludayin hannunta ya tsaya. Ta ce, "Ni."

"Yana kwana da ruwa?"

Ta ce, "Ba shi kwana. Ba shi ko yini. Ina cikawa in mutane sun kau da ido." Sa'an nan ta nuna bayan bukkar da haɓa, ta juya mini baya. Na je na duba. Ƙasar wurin jiƙe take, tururuwa ta yi mata baƙi ƙirin kamar an zubar da ruwan rake.

Na dawo na ce, "Inna, ajiye wannan ƙwarya. Kada ya ƙara shan zaƙi."

Ta ce, "Malam, shina zubewa. In ban ba shi wanga ba, mi za ni ba shi?"

Ba a tambayar Ardo zancen fitsari a gaban surukansa, ko da wasan maƙera. Saboda haka na koma na ce tun da an yi rabo ba da ni ba, lalle ya tashi ya nuna mini bijimin da ya hana ni. Baƙo in ya nemi ganin garke ba a hana shi. Ya dogara sanda ya miƙe, muka nufi bakin ruwa inda shanun suke, yana tafe yana layi. Ba mu yi nisa ba ya ratse bayan wani kurmi, ya fito, muka ɗan taɓa tafiya, ya sake ratsewa. Da itatuwa suka tsare mu daga idon mutane, sai dattijon nan ya saki sanda ya durƙusa a bakin tafki zai kafa kai. Na riƙe kafaɗarsa, domin ruwan shekarar nan guba ne, na miƙa masa jarkata. Ya sha har ina jin ƙarar maƙogwaronsa. Ya sauke, ya yi numfashi, ya sake kafawa.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun farkon damina. Wuta ce a cikina, maƙeri. Ita ce ta dawo, tana cin ruwan jikina."

"Ba ni yatsanka."

Ya mayar da hannu cikin riga. Ya ce, "A'a. Yanzu ina zato ne. In ka duba ka gani, na sani ke nan. Bar ni da zatona."

Na zauna a ƙasa kusa da shi, na kwance ledar, na ɗora na'urar a tafin hannuna. Na ce, "Ardo, dubi abin nan. Ba ta san sankara ba, ba ta iya ganinta ko tana nan. Abu guda ta sani, sukari. Ka tuna likitar Sakkwato ta ja ni gefe? Wannan ta ce in tsare. Wanda ya tashi daga irin cutarka, sukari yakan biyo shi. Yana ramar da mutum kamar yadda waccan ke yi, amma shi ana zama da shi shekaru, ba a yanka kowa."

"In ba shi ba ne fa?"

"In ba shi ba ne, zan mayar da kayana jaka, in raka ka wurin baƙinka, ba zan ƙara ambatar asibiti ba."

Ya daɗe yana kallon shanunsa, waɗanda rabinsu ba nasa ba ne yanzu. Sa'an nan ya fito da hannun. Ku masu latsawa, ku ji yadda ake yi. Na wanke yatsan da ruwa na goge, domin hannun da ya taɓa zuma yakan sa na'ura ta yi ƙarya. Fatar makiyayi ta yi kanta saboda sanda da igiya, ba a huda ta a tsakiya, sai a gefen ɗan yatsan da bai cika aiki ba. Jikinsa ya bushe har jinin ya ƙi fitowa, sai da na sassauke hannun ƙasa na yi ta murza shi. Ɗigon ya fito da kauri. Na'urar ta yi ƙirgenta, ba ta ba ni lamba ba, sai haruffan nan da ke nufin abin ya wuce iyakar awonta. Na sake da wani tsinken, ta maimaita. Ina tattara kaya idona ya faɗa kan ƙafarsa. Ƙaya ta shige ƙarƙashin babban yatsa, wurin ya kumbura ya yi baƙi. Na danna, bai motsa ba. Bai ma san tana nan ba.

Na ce, "Sukari ne, ya kuwa kai inda ake suma ba a farkawa. Yau za mu tafi Yelwa, yanzu, jirgi na jira."

Ya ce, "Surukaina sun yi tafiyar ruwa sun zo. In tashi in bar su zaune? Gobe in sun tafi."

Na ce, "Gobe ba lalle ka san wanda ke kanka ba."

Ya ce, "To, sai su yi abin da ya kawo su." Ya ɗauki sandarsa ya koma ƙarƙashin tsamiya, ya zauna ya gyara rawani.

Nan wasan maƙera ya ƙare mini. In na tona shi a gaban surukai, na ce dattijon nan ƙishirwa ke cinsa yana yini zagayawa, na kunyata shi kunyar da zai gwammace mutuwa da ita, ba kuwa zai shiga jirgin ba. In na yi shiru, ina kallon kansa yana soma rinjaya, maganarsa tana sarƙewa. Rana ta karkata, mai jirgi ya aiko cewa in iska ta taso ba zai ƙetare ba. Na koma bayan bukka na gaya wa Inna Hajo abin da na gani, ban rage kome ba. Na ce mata ba waccan cutar na gani ba, wata ce mai magani, amma in ya kwana a nan ban ɗauki alkawarin safiya ba. 

Ina komawa mazaunina sai na ga dattawa sun yi tsit. Inna Hajo ce ta fito, tulu a kai, ƙwarya a hannu, ta ratso tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta rugar. Ta sauke tulun a gaban mijinta, ta durƙusa, ta cika ƙwarya, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "A ba baƙi." Ba ta sauke hannu ba. Ya sake cewa a ba baƙi. Ta matso da ƙwaryar har ruwan ya kusa taɓa gemunsa. Surukai suka sunkuyar da kai. Ni dai na ga hannunsa ya taso kamar ba da izininsa ba. Ya shanye. Ta sake cikawa, ya shanye. Ta sake. Ba abin da ake ji a wurin sai kwararar ruwa daga tulu. Sambo, da ke tsaye can nesa, ya rufe fuskarsa da hula.

Babban surukin, wani tsoho mai farin gemu, ya ce, "Malam, wagga ƙishirwa ta mi ce?" Na faɗa masa a taƙaice. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ardo, mu mun tashi. Ba ka da baƙi yanzu. A ɗauke shi."

Ƙetarewar nan ba na son tuna ta. Iska ta taso muna tsakiyar ruwa, jirgi yana hawa yana faɗawa, Ardo kwance kansa bisa cinyar Sambo. Ina ɗura masa ruwa kaɗan-kaɗan muddin yana iya haɗiyewa, ina zaginsa da duk zagin da maƙeri ya gada, don kada ya yi barci. Na ce masa ragon Bafillace, na ce shanunsa duk na sata ne. Da fari yana ramawa. Daga baya sai leɓe kawai ke motsi. Muna hango rumfunan kifi na Yelwa ya daina amsawa. A asibiti suka sa masa ƙarin ruwa hannu biyu, da allurar insulin mai sauke sukari, suka kwana kansa suna awo. Sai washegari da hantsi ya buɗe ido, ya dube ni ya ce, "Har yanzu kana nan, baƙin maƙeri?"

Babban yatsan ƙafar bai tsira ba, sai da aka cire shi. Da ya yi ƙarfi aka mayar da shi Sakkwato, domin ramar tasa dole a bincika ta har ƙarshe, kada sukari ya rufe wani abu a bayansa. Jiran sakamakon nan ya fi ƙetarewar tafki tsawo. Aka ce ba a ga alamar sankarar ba, amma a ci gaba da zuwa ana dubawa. Na koya wa Inna Hajo yin allura, da ajiye kwalbar maganin cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen rairayi, da alamun faɗuwar sukari, da duba tafin ƙafarsa kowace safiya. Kwalayen lemo aka raba wa masunta. Shanun da ya rabar kuwa ba su dawo ba. 'Ya'yan sun kawo su, ya ce abin da ya fita hannunsa ya fita. Ko da ya karɓa ma, ƙafar ba ta bin garke kuma.

Saboda haka, ku da kuka gaje mu, in an dawo muku da wanda aka yi wa aikin sankarar hanji, kada ku tsaya ga duban ɗinki. Ku gwada sukarinsa tun yana da ƙiba ana yi masa barka, ku ci gaba da gwadawa ko bai yi kukan kome ba, ku shiga bayan ɗaki ku ga abin da ake dama masa. In ya soma rama, kada ku taya danginsa yanke hukunci, kada kuwa ku ba su tabbacin da ba ku da shi. Ku tura shi inda za a duba duka biyun. Wanda ba zai zo muku ba, ku je masa.

Na je gai da Ardo bayan sallar layya da ta wuce. Yana nan bisa buzunsa, da takalmi rufaffe a ƙafa, abin da yake cewa na mayar da shi ɗan birni. Yanzu yana shan ruwa a gaban kowa, tun ranar nan ba abin da ya rage na ɓoyo. Muna zaune da Sambo da wasu dattawa aka kawo masa ƙwarya. Ya ɗaga ya sha. Sai na lura hira ta tsaya. Sambo ya bar igiyar da yake tufkawa, Inna Hajo ta tsaya a ƙofar bukka da tulu a hannu, ni kaina na iske hannuna ya kai bakin jaka. Dukanmu muna kallon ƙwaryar nan, muna jira mu ga ko zai ajiye ta, ko zai miƙa a ƙara.